Ranar da Umma ta daskarar da allurar Yaya Wasila

Sallama gare ku, musamman ku da kuka cika mini waya da saƙo kuna cewa in rabu da Usmanu. Na gode da kulawa. Wata baiwar Allah har lambar ƙanin mijinta ta turo mini, wai yana da shagon waya a Kano kuma ba shi da surutu. Ban goge lambar ba. Bayan abin da ya faru ranar Asabar, ba na goge komai.

Ga sababbin shigowa: sunana Mukarrama, a Ikara nake, ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata. Na kai shekarun da in na shiga gidan biki mata ke rage murya, kamar an shigo da majinyaci. Usmanu shi ne manemina. Ɗan Kudan ne, yana bincike a wani ɗakin gwaje-gwaje a Zariya. Dogo ne, mai tsabta, ba ya ƙarya, ba ya shan komai sai shayi. Aibinsa ɗaya ne, shi ne zance.

Saurayin wata in ya zo sai ya ce ta yi kyau. Nawa, ranar farko, na sha atamfa ruwan goro, ɗauri ya zauna daram, humra har maƙwabta na atishawa, sai ya dube ni ya ce, "Kin san ƙwan mace ba shi kaɗai yake zaune ba?"

Na ce ban sani ba, Allah ya ba shi abokan zama nagari.

Tun daga ranar nake ɗaukar darasi a dakalin ƙofar gidanmu. Wai matan da ake yi wa dashen ciki a asibiti, sai an daɗe ana yi musu allurai don ƙwai su yi yawa, sannan a yi ta ƙarshe wadda ke nunar da su, bayan kwana ɗaya da rabi a kwashe. Kewaye da kowane ƙwai akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu renonsa. In an ɗauke ƙwan, asibiti zubar da su take yi. To su Usmanu yake roƙa, da izinin masu su, ya je ya duba waɗanne ƙwayoyin gado ne suka kunnu a cikinsu, waɗanne suka mutu.

"Wato bolar asibiti kake tsinta," na ce.

"Ƙwarai kuwa," in ji shi, yana murna na gane.

"Allurar ƙarshen nan iri biyu ce, Mukarrama. Ɗaya kwaikwayon saƙon jiki take yi, in ta shiga sai ta daɗe tana magana, kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Ɗayar ƙwanƙwasa wa ƙwaƙwalwa take yi, jiki ya aika nasa saƙon da kansa, a taƙaice. Kowacce aka yi, ƙwai zai nuna. Amma 'yan renon nan ba abu ɗaya suke ji ba. Ta farkon tana barin wasu makunnai a kunne, har da masu taɓa jijiyoyin jini. Macen da ta tara ƙwai da yawa, tana iya sa ruwa ya taru mata a ciki, ta kumbura, har a kwantar da ita."

"Baƙon da ya ƙi tafiya," na maimaita, ina duban agogon hannuna.

Bai gane ba. Ya ɗauka bita nake yi.

Abin da Usmanu bai sani ba, duk wannan karatun yana da amfani a gidanmu, ni ce dai ban isa in faɗa ba. Yayata Wasila tana aure a Makarfi. Mijinta Saminu dillalin rake ne. Sun daɗe da aure, Allah bai kawo haihuwa ba, kuma duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidanmu ya ba da shawara. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, ta sha wani abu a gora da har yau ba ta yarda ta faɗi warinsa ba. A ƙarshe ita da Saminu suka yanke shawarar dashen ciki a wani asibiti a Zariya, ba tare da kowa ya sani ba sai ni. Na farko bai yi ba. Wannan ne na biyu, kuma ta ce mini, ba da kuka ba, da muryar mai sayen gishiri, "In wannan bai yi ba na haƙura, Mukarrama. Cikina duk huda ne, babu inda zan ƙara sokawa."

Za ku ce me ya sa ba ta gaya wa Umma ba. Ku ke nan ba ku san Umma ba. Wasila 'yar fari ce, kuma Umma ta riƙe kunyar ɗan fari kamar aikin gwamnati mai fansho. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunan Wasila ba. "Yayarki." "Waccan." "Ta Makarfi." In Yaya ta zo gida suna zaune a tabarma ɗaya, Umma ni take kallo ta ce, "Tambayi yayarki ko za ta ci ɗanwake." Ni kuma in juya in tambaya, Yaya ta amsa mini, in juya in mayar. Na yi tafinta tsakanin mutum biyu masu jin Hausa tun ina firamare. Amma in an yanka kaza, cinyar nan ta Wasila ce, a rufe a ƙarƙashin kwano, kuma ba wanda ya san wanda ya ajiye.

Sai Baffa Inuwa, wan mahaifinmu. Tun da Abba ya rasu shi ne mai ba da aurenmu. Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, ya yi ritaya daga ofis amma bai yi ritaya daga jawabi ba. Shi ya aiko cewa Usmanu ya zo ranar Asabar bayan la'asar ya gan shi da idonsa, kafin a yi maganar turo manya. Ya kuma ce 'ya'yan gidan duk su hallara. Ba ya son jin wai wata tana da uzuri.

Ranar Juma'a Yaya ta iso, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, wanda kuma gaskiya hakan ne. Ta ja ni ɗaki ta ce likita ta sa mata allurar ƙarshe ranar Asabar daidai isha'i, ba kafin ba, ba bayan ba, a kwashe ƙwai Litinin da safe. In lokacin ya kuɓuce, duk wahalar ta tashi a banza. Ta nuna mini ita a cikin wani ƙaramin kwali, an naɗe da baƙar leda, an saka a robar man shafawa. Muka tura ta can bayan firij. Umma ta shigo ta gan mu.

"Tambayi yayarki mene ne wancan."

"Maganin olsa ne," in ji Yaya, tana kallona. "Sanyi yake so."

"Wai maganin olsa ne, Umma. Sanyi yake so."

Umma ta ce, "Uhm," ta fita.

Asabar ta zo da hidimarta. An yi zoɓo, an yi kunun aya, an soya kaji kamar gwamna ne zai zo ba mai tsintar bola ba. Na sa leshi ruwan toka mai ƙananan duwatsu, mayafi fari, lalle ya kama har gwiwar hannu. Turaren wuta ya cika tsakar gida. Bayan la'asar na ji tsayuwar motarsa. Na leƙa ta tagar ɗakin da ke jikin zaure. Babbar riga ya sa, shuɗiya, da hula zanna, yana tafiya a cikinta kamar an ba shi aron tanti. Ya durƙusa ya gaida Baffa da wasu dattawa biyu da Baffa ya gayyato don su shaida jawabi.

Baffa ya fara daga kakan kakanmu.

Ina nan a taga sai Yaya ta shigo, fuskarta kamar an shafa toka.

"Ina robar?"

"Tana firij."

"Babu komai a firij. Ko ruwa babu."

Muka fita tare. Umma na tsakar gida tana jera kofuna a tire.

"Umma, ina kayan firij?"

"Wuta ta ɗauke tun jiya da magariba, kina ina? Na kai komai gidan Maman Beauty." Ta ci gaba da goge kofi, ba ta ɗago ba. "Har da maganin waccan. Ki ce mata kar ta damu. Da kaina na sa aka saka shi can ƙasa, ƙarƙashin ƙanƙara, inda ya fi sanyi."

Ku gane wani abu. A unguwarmu firizar Maman Beauty ita ce wutar lantarki, ita ce gwamnati. Judith sunanta, mijinta ya haɗa mata sola, tana sayar da ƙanƙara, kuma duk abin da mutum ke ji da shi can yake kai wa: naman layya, kifin biki, nonon jarirai. A wajen Umma, darajar abu ita ce zurfinsa a firizar nan. Ba ta iya tambayar 'yarta me ke damunta ba, sai ta ba maganinta wuri mafi daraja a Ikara.

Muka zaga ta ƙofar baya. Maman Beauty ta tono robar tana fara'a.

"Ga shi nan, Anti Wasila, ko guduma ba za ta fasa shi ba. Mama ta ce in kula da shi kamar ɗana."

Yaya ta buɗe kwalin. Ruwan allurar ya zama ɗan farin dutse. A jikin kwalin kuwa an rubuta kada a bari ta daskare, da harshen da Umma ba ta karantawa.

Yaya ta zauna a kan buhun gawayi da leshinta. Ba ta yi kuka ba, na fi son da ta yi.

Ta kira Saminu. Yana Kano da lodin rake, sai gobe zai dawo. Na ji muryarsa ta waya yana salati, sannan ya ce a ba shi minti kaɗan. Da ya sake kira har da dariyar samun sauƙi.

"An gama! Abokina mai kemis a bakin tasha yana da allurar nunar da ƙwai. Ya ce mata na saye sosai. Mukarrama ta hau acaɓa ta karɓo. Allura ai allura ce."

Har na ɗaga mayafi. Sai na ji wata murya a kaina, mai sanyi, mai gundura, muryar dakalin ƙofar gida: iri biyu ce, Mukarrama.

"Yaya, ƙwai nawa aka ce kin tara?"

"Da yawa. Likita har ta ce sun yi yawa, shi ya sa ta canja mini allura ba irin ta wancan karon ba."

Na dube ta. "Zan gaya wa Usmanu."

"Ki gaya wa wa? Mutumin da ko sadaki bai biya ba ya san cikina?"

"Yaya, mutumin nan ya san cikin matan Zariya kaf, bai taɓa faɗa mini sunan ko ɗaya ba. Na yi ta bugun cikinsa, don gulma nake so, ya hana ni."

Ta rufe ido. Ta gyaɗa kai.

Na ɗauki hoton kwalin na tura masa. Na rubuta: "Ta Yaya ce. Sirri ne. Ta daskare. Isha'i za a yi. Mai kemis yana da wata. A karɓo?"

Na ruga taga. Baffa ya iso zamanin da aka kafa ƙaramar hukuma. Na ga Usmanu ya sunkuyar da kai kamar mai ladabi, hannunsa na motsi a ƙarƙashin babbar riga. Ashe tantin yana da amfani.

"Kada ta yi amfani da daskararriyar. Tura mini hoton ta kemis."

Saminu ya sa aka turo, na tura.

"Wannan baƙon da ya ƙi tafiya ne. Tata ɗayar ce. Ni ba likita ba ne, ta kira likitarta yanzu, kada ta yi komai sai ta ji daga bakinta."

Ko "ranki ya daɗe" babu. Ko ɗan hoton zuciya.

Yaya ta kira asibitin. Aka haɗa ta da likitar, ta faɗi abin da Usmanu ya faɗa, sai dai ita da faɗa. Kada a kuskura a yi ta kemis. Akwai irin tata a wajensu, a turo wani ya karɓa, ko ita ta zo, amma lokacin nan ba ya matsawa.

Daga Ikara zuwa Zariya ba nan kusa ba ne, kun sani. Motar tasha ba ta tashi sai ta cika, kuma ba ta cika sai direba ya gama cin abinci. A ce Yaya ta shiga motar saurayin ƙanwarta a gaban Baffa kuwa, gara a kira mai shela a ba shi labarin ya zaga gari. Mota ɗaya ce a ƙofar gidan da za ta iya zuwa ta dawo kafin isha'i, mai ita kuma yana durƙushe a zaure ana karanta masa tarihin zuriyarmu.

Na rubuta: "Akwai a asibitin. Babu mai zuwa."

Ban roƙe shi ba. Ku shaida, ban roƙe shi ba.

Na ga ya karanta. Na ga ya ɗago ya dubi Baffa, wanda a lokacin ya ɗaga yatsa yana cewa, "To, yanzu sai mu zo kan maganar tarbiyya." Sai Usmanu ya gyara durƙuso.

"Baffa, Allah ya ƙara girma. A yi mini afuwa. Wani uzuri ya taso, dole in tafi yanzu."

Yatsan Baffa na nan a sama.

"Uzuri? Rasuwa aka yi?"

"A'a, Baffa."

"Gobara ce?"

"A'a."

"To mene ne ya fi zaman nan?"

"Ba nawa ba ne da zan faɗa, Baffa. A gafarce ni."

Ya tashi, ya tattare rigarsa, ya fita da baya yana ba da haƙuri. Ya manta takalminsa ƙafa ɗaya ma sai da ya dawo ya ɗauka. Na ji motar ta tashi. A tarihin Ikara ba a taɓa barin Baffa Inuwa a tsakiyar jimla ba. Shugabannin ƙaramar hukuma sun gwada, sun kasa.

Abin da ya biyo baya ba sai na ba ku duka ba. Baffa ya ƙi taɓa kajin. Ya ce a kira masa Hajo, wato Umma. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ya yi mata bayanin yaran boko, da waya, da 'yan Kudan gaba ɗaya har waɗanda ba a haifa ba. Ya ce zai zauna ya yi isha'i a nan don kada a ce ya yi fushi, amma maganar yaron nan a rufe ta. Umma ta dawo ta dube ni kawai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Magariba ta yi, ta wuce. Ni da Yaya muna ɗaki, waya a tsakaninmu kamar kwanon da aka hana mu ci. Saƙo ɗaya Usmanu ya turo: "Na karɓa." Bayan nan shiru. Na yi ta lissafin ramukan hanya, da tirelolin tumatir, da shingayen da ake tsayar da mutum a tambaye shi lafiyar iyalinsa. Yaya ta ce, "Na kashe miki aure." Na ce ta bari, akwai mai shagon waya a Kano. Ba ta yi dariya ba. Ni ma ban ji daɗin abin a bakina ba.

Ladan na gyara lasifika, yana hura ta kamar yadda ya saba, sai aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Maman Beauty ce, da 'yar kular sanyi a rungume kamar jariri.

"Usmanu ya ce in kawo. Ya ce kada in saka a ko'ina, ko da Mama ce ta ce." Ta rage murya. "Yana bayan layi a mota. Rigar nan duk ta jiƙe, kamar an tsamo shi a rijiya."

An kira salla, Yaya ta ɗaga rigarta. A nan na ga cikin da ta ce duk huda ne. Ba ƙari ta yi ba, tabo baƙi-baƙi kamar an watsa mata kanumfari. Ta nemi wuri, ta yi bisimilla, ta soka da hannunta, ko motsi fuskarta ba ta yi ba. Ta zare. Muka zauna muna kallon sirinjin da babu komai a ciki.

Wayata ta yi ƙara.

"An yi?"

"An yi."

"Alhamdu lillahi. Yanzu 'yan renon sun fara jin saƙo. Zuwa gobe makunnai da yawa za su juya."

Jama'a, mutumin nan ya rasa aure yau, abin da ya dame shi ke nan. Na daɗe ina kallon saƙon. Ban san me ya shiga idona ba, ina jin turaren wutan ne.

Sai muka ji muryar Baffa daga zaure, an idar da salla, yana cewa a ɗauko masa sandarsa, kuma a gaya wa Mukarrama gobe ta mayar wa yaron nan duk abin da ya taɓa kawowa. Ban san yadda ake mayar da darasi ba.

Yaya ta miƙe ta jawo mayafinta.

"Ina za ki?"

"Zaure. Zan faɗa masa."

"Yaya, in Baffa ya ji, kafin Litinin Makarfi ta ji. Dangin Yaya Saminu, 'yan kasuwar rake, kowa. In kuma bai yi ba fa? Da wane ido za ki..."

"Na sani."

Ta ɗaga labule, ta tsaya cak. Umma ce a bakin ƙofa. Ban san tun yaushe take nan ba. Robar man shafawar nan ce a hannunta, Maman Beauty ta dawo da ita, ƙanƙarar ta narke tana ɗiga a kan zanenta. Ba ni ta kalla ba. Na jira ta ce in tambayi yayata wani abu, har na buɗe baki don tafinta.

Cikin Yaya take kallo, inda rigar ba ta gama sauka ba.

"Wasila," in ji Umma.

Sunan ya fito mata a karkace, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Yaya ta dafa bango.

"Zauna. Mai allura a jiki ba ta tsayuwa a gaban maza." Ta ajiye robar a kan gado, ta zare mayafin daga kafaɗar Yaya ta yafa a tata. "Ni na daskarar. Ni na san abin da zan faɗa wa Inuwa, da abin da bai isa ya ji ba."

Ta juyo gare ni.

"Ke kuma kira yaron nan. Ki ce ya zagayo ta gaba, ya shigo da takalmansa duka biyu."

Ta nufi zaure. Ni da Yaya muka rufa wa taga, kafaɗa da kafaɗa. Muka ji ta yi sallama, muka ji Baffa ya fara, "Hajo, na riga na gama magana..."

"Ka gama, Yaya Inuwa," in ji Umma. "Tun la'asar kake yi. Yanzu ajiye sandar."